Umrar Inna

Malama Ɗaso ba ta zo Makka don ta kwanta ba. Ta faɗa wa likita haka, ta faɗa wa duk wanda ya leƙo yi mata sannu, da na'urar sanyaya ɗaki tana da kunne da ita ma ta sha faɗa. Amma tarin nan da ke bin alhazai bayan an sauko daga Mina ba ya tambayar mutum abin da ya kawo shi. Ya kama ta ya haɗa mata da zazzaɓi, gwiwoyin da dama lallaɓa su take suka kumbura suka yi suntum. Sai ga tsohuwar shugabar makarantar firamare daga ƙasar Kazaure, matar da har ta yi ritaya ba a taɓa ganin ta makara ba, a miƙe kan katifa a wani bene na unguwar Utaibiyya tana masifa da muryar da ba ta fita.

Gidan na Baraka ne, 'yar yayanta marigayi Mukhtaru, wanda ya taho aikin Hajji ta ƙasa tun Ɗaso tana budurwa, ya zauna, ya hayayyafa, aka binne shi a nan. Baraka a nan aka haife ta, a nan ta auri wani ɗan ƙasa, jikan Hausawan da suka zo da ƙafa tun zamanin da, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Da ta ji goggonta ba lafiya, a ranar ta je masaukin alhazai ta kwaso ta da jakarta. Ta ce ba a yi haka ba, ƙanwar ubanta ta yi jinya a ɗakin mutum shida alhali tana da gida a garin.

A irin waɗannan gidaje akwai abin da ba wanda ya rubuta amma kowa ya san shi. In ɗan'uwa ya zo daga gida sauke farali, sai a ware masa ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, ya zama ƙafarsa da bakinsa har ranar da jirginsa zai tashi. Ba a miƙa baƙon Allah ga ɗan haya ya tura shi a keke, ba a barin sa shi kaɗai. Gidan da ya yi sake, za a yi ta yi da shi daga Utaibiyya har Ka'akiyya sai wata shekarar ta zagayo. Baraka kanta da ƙyar take hawa bene saboda ciwon baya, sai ta ware wa goggonta Munira.

Munira ce auta, doguwa, mai ƙarancin magana, shekarunta ashirin da 'yan kai. Hausarta kuwa sai dai a yi haƙuri, in ta fara magana da Hausa kafin ta dire ta tsallaka Larabci. Sitti take kiran Ɗaso, wato kaka, Ɗaso kuma ta riƙa tsokanarta wai Hausarta ta gwangwani ce. Amma yarinyar akwai hannu. Ita ke gasa mata gwiwa da ruwan zafi, ita ke dama mata kunu, ita ke riƙe ta zuwa banɗaki, ita ke sauko da keken turawa daga bene in za a je asibiti. Ɗaso maza uku ta haifa, suna can Legas da Abuja da wayoyinsu, ba wanda ya taɓa matsa mata ƙafa. Ta ji daɗin hidimar nan, ba ƙarya.

Da safe takan ji motocin makaranta suna ham a ƙasan bene, ta ji gudun yara a matakala. Wadda ta ƙarar da rayuwarta a makaranta ba sai an gaya mata an koma karatu ba. Ta san Munira tana zuwa wata kwaleji, sai ta tambaye ta sau ɗaya.

"Mu muna hutu tukuna, ya Sitti," in ji yarinyar, idonta a kan kofin kunu.

Ɗaso ta san irin wannan amsar, ta ji dubunta. Amma ruwan zafin yana mata daɗi a gwiwa, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Abu ɗaya ya rage mata a Makka. Hajjinta ta yi, alhamdu lillahi. Saura umrar Inna.

Shekarar da Mukhtaru ya kama hanya, da mahaifiyarsu aka shirya tafiyar. Inna ta sayar da awakinta, ta yi sallama da dangi, ta sa masaƙi ya saƙa mata farin mayafin da za ta yafa ranar da za ta ga Ɗakin Allah. Ɗaso a lokacin tana aji biyu a makarantar horon malamai mata, ta kwana. An fara ajinsu ɗaki cike da 'yan mata, amma duk hutu sai a dawo an ragu. Wannan an riƙe ta aikin gida, waccan ba mai raka ta tasha, wata kuwa ita da kanta ta ji ba ta son komawa. Ɗaso ma ba son komawar take ba. Duk ƙarshen hutu sai ciwon ciki ya taso mata daga inda Allah kaɗai Ya sani. Inna ce ke ɗora mata akwati a ka, ta shiga mota da ita, ta kai ta har ƙofar makaranta, sannan ta shimfiɗa zane a gindin wata maina ta zauna. Ba ta tashi sai ta ji an kaɗa ƙararrawar yamma an rufe ƙofa.

Ana saura kwanaki kaɗan tafiya, Inna ta dubi kayan da ta ɗaure, ta dubi 'yarta, ta ce wa Mukhtaru ya yi gaba, ita sai baɗi in yarinyar nan ta gama. Baɗin bai zo ba. Ɗaso ta gama, hanyar ƙasa ta yi wuya, ƙarfi ya ƙare wa Inna, ta rasu mayafin yana ƙasan adaka. An so a haɗa shi cikin likkafani, Ɗaso ta hana. Shi ne yanzu a naɗe ƙarƙashin matashinta, ya yi ja-ja don tsufa. Jira take ta warke ta yafa shi, ta je Tan'im inda mutanen Makka ke ɗaura niyyar umra, ta ce wannan ta Inna ce.

Ranar Litinin bayan la'asar, sauƙi ya fara samuwa har tana zama a falo, aka yi baƙuwa. Ustaza Sa'adiya ce, malama a kwalejin su Munira, ita ma jinin Hausa, iyayenta na unguwar Rusaifa. Ta zo da dabino da kwalbar turare, wai gaida Hajiya ta zo yi. Munira na jin muryarta a matakala ta shige kicin ta turo ƙofa. Ɗaso ta gani, ta ajiye a ranta.

Aka gaisa, aka sha shayi, sannan Ustaza ta ajiye kofi ta shiga abin da ya kawo ta. Kwalejin ta gwamnati ce, karatun shekara biyu, ba a biyan ko sisi. An buɗe ta ne don waɗanda jami'a ba ta ɗauka ba da waɗanda hidimar gida ta makarar. Munira tana koyon aikin ajiye bayanan marasa lafiya a asibiti, zango ɗaya ya rage mata. Sai dai akwai doka, duk ɗalibar da fashinta ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu an haramta mata jarrabawa, sai a ce ta zama mahruma. Munira ta zama mahruma shekarar da Baraka ta karɓi girkin alhazai, ta sake zama bara da wani kawunsu ya zo. Na uku kora ce.

"Laraba ce iyaka," in ji Ustaza. "In ba ta zauna a aji ranar Laraba daga safe zuwa azahar ba, abin ya fita daga hannuna."

Baraka ta gyara zama. "Ustaza, baƙuwar Allah ce a gidan. Me kike so in yi?"

"Na sani, Umma. Ni ma a irin gidan na tashi. Duk shekara haka ne, da an ce alhazai sun fara sauka ajina ya koma rabi, ga shi shekarun nan Hajji yana faɗowa daidai buɗe makaranta. Muna ɗaukar 'yan mata aji ya cika, ranar yaye su ba sa cika layi ɗaya. Yanzu manya sun fara tambaya, wai don me za a ci gaba da kashe kuɗi a sashen da ba a gamawa. Maganar rufe shi suke yi. Wallahi in na tsaya gabansu ban san abin da zan ce ba."

 Kunya ce ta rufe Ɗaso, irin wadda ba ta taɓa ji ba. A garin da ta yi aiki Laraba ke kasuwa, katangar makarantar kuma tana da wata ɓaraka ta baya inda yara ke sulalewa da an gama kiran suna. Sai ta riƙa ɗaukar kujerarta ta dasa a bakin ɓarakar, ta buɗe lema ta zauna har a tashi. Malama Toshe, haka yara suka sa mata a ɓoye, ta kuma sani, tana ma jin daɗin sunan. Ita ce ta bi iyaye gida-gida tana yi musu tas a kan fashin 'ya'yansu. To yau ga ta, ta tsallako ƙasa da ƙasa ta zo ta zama kasuwar da ta ɗauke ɗaliba daga aji.

Da magariba Sa'ud ya shigo, yayan Munira mai tuƙin tasi. Shi ma ya taɓa kwalejin, ɓangaren maza, ya bari a zango na uku. Da ya ji labarin sai ya taɓe baki.

"Ai gaskiyar manyan ne, Sitti. Zuba ruwa a rariya ne kawai. Su rufe, su ba mutane kuɗin su ja jari. Ni ga ni ban gama ba, na mutu?"

"Ba ka mutu ba. Turancin da na ji kana yi da alhazan Malesiya a waya, a tasi aka koya maka?"

Ya yi dariya ya sosa ƙeya.

"To ka ga ruwan bai zube duka ba. Amma kada ka ɗauka yabon ka nake, ja'iri. Ni na koyar a ajin da in hadari ya taso sai mu sallami yara, don rufin ya yaye. Shekara da shekaru ina cika baki, wai da gwamnati za ta zuba mana kuɗi da ba yaron da zai bari. Yau ga ni a inda aka zuba, ga ka a gabana kana shan shayi."

Sa'ud ya ce shi dai zai koma aiki. Ya fita ya bar ta tana juya abin a ranta. Kuɗi zai gina aji, ya sa fitila, ya biya malami, wannan ta yarda, ta kuma san zafin rashinsa fiye da kowa a gidan nan. Amma bai taɓa ɗora wa yarinya akwati a ka ya raka ta tasha ba. Ta ƙudura za ta yi magana da Baraka da safe, a bar umrar sai Alhamis.

Ba ta samu Alhamis ɗin ba. Ranar Talata da hantsi Yunus, jami'in alhazan jiharsu, ya bugo waya. Jirgi ya samu. A zo yau a auna kaya, gobe Laraba bayan la'asar motoci za su tashi daga masauki zuwa Jidda, wanda ya makara ya kuka da kansa. Haka suke, su shanya ka makonni ba labari, sannan su ce tashi yanzu. Sauran yinin a layin awon kaya ya ƙare, ta dawo gida gwiwa ta sake ɗaurewa, ko miƙewa ba ta iya yi.

Baraka ta tsara komai. "Gobe da sassafe Sa'ud ya kai ku Tan'im, Munira ta tura ki ɗawafi da sa'ayi, kafin azahar kun gama."

"Yarinyar tana da aji gobe."

"Goggo, karatu yana nan, ke ce mai tafiya. Kakata fa za a yi wa umrar nan. Babana har ya koma ga Allah yana cewa ya baro uwarsa a baya. In na miƙa ki ga ɗan haya, ko na bar ki ba mace a gefenki, da wane ido zan dubi unguwa?"

"Khalas, ya Sitti, an gama," in ji Munira daga bakin ƙofa. "Ni na zaɓa. Ladar ta fi."

Ta faɗa da sauri, har da wani sanyi a muryarta kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka. Wannan ma Ɗaso ta ajiye a ranta.

Da safe ta yi wanka, ta sa fararen kaya, ta warware mayafin Inna ta yafa a kan hijabinta. Ƙanshin adaka bai bar shi ba. Sa'ud da Munira suka sauko da ita, aka naɗe keken aka sa a bayan mota. Kada wani ya ɗauka ba ta son umrar nan. Wallahi tana so, so irin na ƙishirwa. Fiye da shekara hamsin tana ɗauke da ita, ta kuma san mai shekara saba'in da irin waɗannan gwiwoyi ba ta sake ganin Makka. Har suka fita daga unguwa ba ta san abin da za ta yi ba. Sai da suka tsaya a fitilar hanya, wata motar makaranta ta tsaya a gefensu cike da 'yan mata da jakunkuna, ta ga Munira ta kau da kai.

"Sa'ud, ina kwalejin nan take?"

"Ba hanyarmu ba ce, Sitti."

"Na tambaye ka hanyarmu? Kai ni in gani."

Ya dube ta ta madubi, ya ga ba fuskar gardama ba ce, ya karya kan mota.

A bakin ƙofar kwalejin motoci na ta sauke ɗalibai. Sa'ud ya kashe mota ya juyo, yana murmushi don dabarar da ta zo masa. "To ga shawara. Munira ta sauka ta shiga ajinta, ni in kai ki Tan'im in tura ki da kaina. Ba sai Ummi ta sani ba."

Zuciyar Ɗaso ta yi fari tas. Kai, ashe ja'irin nan yana da amfani! Ga aji ga umra, ba wanda ya yi asara. Ta juya ga Munira. "To kin ji. Sauka, Allah Ya ba da sa'a."

Munira ba ta motsa ba. Hannunta na kan murfin mota amma ba ta buɗe ba. Can sai hawaye.

"Ba zan iya ba, ya Sitti."

"Me zai hana?"

"Duk waɗanda muka fara da su ba kowa. Wasu sun gama, wasu sun bari. Ni ce babba a ajin, ƙannen bayana ne duka. In na shiga sai su juyo su kalle ni. Abin da aka yi a makonnin nan ban san ko ɗaya ba." Ta share ido da gefen mayafi, Hausar na kakkarye mata. "Da kika zo, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Na samu dalili."

Ɗaso ta daɗe tana kallon ta. Ta san wannan ciwon, ciwon cikin ƙarshen hutu ne, ba ya jin magani. Ta kuma san abin da zai faru in motar ta tashi. Yarinyar za ta tsaya a gefen ƙofa har su ɓace, sannan ta tari wata motar ta koma gida. Ba don mugun hali ba, don dai ƙafa ba za ta ɗauke ta ba.

"Sa'ud, fito da keken."

"Sitti, lokaci fa."

"Fito da shi, na ce. Ke kuma kira Ustazarki ta ce wa mai gadi ya bar ni in shiga."

Haka aka yi. Sa'ud ya tsaya a waje, don maza ba sa shiga, Munira ta tura ta cikin harabar. Ɗaso ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a rayuwar aikinta. Dogayen baranda masu sanyi, ɗakin karatu cike da littattafai, kwamfutoci a jere, famfon ruwan sha a kowace kwana. Ta leƙa wani aji ta ga kujeru masu taushi, rabinsu ba kowa, na'ura tana ta busa musu sanyi. Ta tuna yaranta da ke zama a kan buhun siminti, gwiwa na gugar gwiwa. Haushi ya kama ta, da kishi, sai kuma tausayi ya biyo baya, don kowace kujera da ba kowa ta san akwai wata yarinya a wani gida da ke gasa wa wata tsohuwa gwiwa.

A ƙofar ajinsu Munira ta tsaya ta sunkuyo. "In an kira suna sai in fito mu tafi, da sauran lokaci. Haka ake yi."

"Na san haka ake yi, tun kafin a haifi uwarki. Juya keken nan ki sa shi a bakin ƙofa. Yawwa. Danne birkin."

"Umrar fa, ya Sitti?"

"Shiga."

Ta shiga. Kamar yadda ta faɗa, duk suka juyo suka kalle ta, sannan suka kalli tsohuwar da ta tokare ƙofa da farin mayafi, sannan malama ta ci gaba da darasi aka manta da su.

Ɗaso ta zauna. Larabcin ba ta ji, amma sautin aji ɗaya ne a ko'ina, murya ɗaya tana bayani, takarda na motsi, wata tana tari. Akwai agogo a bangon baranda, ta yi ƙoƙari kada ta dube shi, ta kasa. Da yanzu sun ɗaura niyya. Da yanzu sun shiga Harami. Da rana ta ɗaga ta san da yanzu suna tsakanin Safa da Marwa, ta kuma san ko a tashi yanzu ba za a cim ma ba. Nan ta yi kuka, ba ta ɓoye ba, ta bar shi ya zuba a kan mayafin. Inna, na zo har nan, saura ƙiris. 'Yan matan da ke wucewa suka riƙa rage tafiya, wata ta kawo mata ruwa a kofin takarda, ta karɓa ta sa mata albarka da Hausa.

Da aka canza darasi Munira ta fito ta tura ta ƙofar wani ajin, ta danne birki da kanta ba a gaya mata ba. Ustaza Sa'adiya ta zo wucewa da littattafai a hannu, ta tsaya turus.

"Hajiya, da ina da irinki a kowace ƙofa, da ban je gida-gida ba."

"Ba ku da kuɗin biya na," in ji Ɗaso tana share fuska. "Amma in kin tsaya gaban manyan naki, ki ce su yi haƙuri su bar ajin a buɗe. Wadda ba ta zo bana ba, wataƙila baɗi ta zo. In sun rufe, ko ta zo ina za ta zauna?"

"Ba za su ƙirga wannan ba, Hajiya."

"Oho dai. Ki faɗa musu."

A darasin ƙarshe ta ji muryar Munira tana amsa tambaya. Da alama ba ta yi daidai ba, don an ɗan yi dariya, malamar ta maimaita tambayar.  Ɗaso ta riƙe hannun keken gam. Sai ta sake jin muryar, ƙasa-ƙasa, tana sake gwadawa.

Ana kiran azahar suka fito. Sa'ud ya ce Ummi ta kira har batirinsa ya kusa mutuwa, Ɗaso ta ce ya bar ta da Baraka, goggonta ce ita, ba ta fi ƙarfinta ba. Lokacin da ya rage na ɗawafin bankwana ne kawai. Munira ta tura ta a saman bene inda kekuna ke bi, suna zagaye, Ɗakin Allah yana ƙasa a hagunsu. Ɗaso ta yi wa Inna addu'a har muryar ta sake dushewa. Yarinyar kuwa tun zagayen farko take sheshsheƙa a bayanta.

Da suka idar suka sami gefe kusa da wani ginshiƙi. Ɗaso ta zare mayafin daga kafaɗarta, ta naɗe shi a kan cinya yadda yake a adaka, ta miƙa wa Munira.

"Ke 'yar gari ce, Tan'im ba ta yi miki nisa ba. Ranar da suka ba ki takardar gamawa, ki yafa wannan ki je ki ɗaura wa Inna niyya. Sunanta Aishatu." Rabon da ta faɗi sunan da bakinta har ta manta. "Kafin wannan ranar ban yarda ki warware shi ba."

Munira ta karɓa da hannu biyu. "In ban gama ba fa, ya Sitti?"

"To sai ta ci gaba da jira. Ta saba."

Yarinyar ta rungume mayafin a ƙirji ta daɗe a haka. Sannan ta sa shi cikin jakar littattafanta, ta saki birki, ta tura keken zuwa ƙofar da Sa'ud ke jiran su.